Wasan da kike fitowa a ciki, na wane ne? Amsa kan Lucille Ball da 'yar wasan barkwanci ta Gombe

"Anti, barka da aiki. Ni 'yar Gombe ce, shekaruna 24. Ina fitowa a wani shirin barkwanci mai dogon zango da ake ɗorawa a YouTube, yanzu muna zango na uku. Ko kasuwa na shiga, da sunan da nake amsawa a shirin ake kirana, amma sallamar da ake ba ni in an tashi daga lokeshan ba ta wuce kuɗin mota da na sabulu ba. Wani malaminmu a jami'a ya ce in nemi tarihin wata Ba'amurkiya, Lucille Ball, wai daga wasan barkwanci ta zama mai kamfani. Wace ce ita, kuma yaya ta yi? Ni kuma wanne ya fi mini: in nemi ƙarin kuɗi, in buɗe tawa tashar, ko in yi amfani da sunan da na yi in fara sayar da atamfa da turare kamar yadda wasu ke yi?"

Ƙanwata, barka kadai, Allah ya sa wa sana'a albarka. Malaminki ya tura ki wurin da ya dace. Kin haɗa tambayar tarihi da ta zaɓi, amma a ganina duka biyun suna komawa ga abu guda da ba ki ambata ba: idan an ɗauki shirin, an tace, an ɗora, na wane ne? Na daɗe ina rubuta wasan kwaikwayo ina shirya shi, a rediyo da talabijin, yawanci a nan Bauchi. Duk 'yar wasan da na ga ta manyanta da rufin asiri, to ko dai tana da mallaka a cikin aikin da ta yi, ko kuma tana da wata sana'a ta gaske a gefe. Lucille Ball ta bi hanya ta farko, kuma ta bi ta har ƙarshe.

Wace ce ita

An haife ta ranar 6 ga Agusta, 1911, a garin Jamestown da ke jihar Niyok. Tana 'yar shekara uku zazzaɓin taifot ya yi ajalin mahaifinta, ta tashi tsakanin hannun uwa da na kakanni, ba cikin wadata ba. A 1926 ta shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo a birnin Niyok, malaman suka yanke cewa ba ta da baiwar, ta koma gida. Ta yi tallan tufafi na wani lokaci, sannan a 1933 ta tafi Holiwud. Ta daɗe a kamfanin RKO, daga baya MGM, tana fitowa a fina-finai masu yawa, akasarinsu na ƙaramin kasafi. An san fuskarta, ana biyanta albashi, amma ba a lissafa ta cikin manyan taurari. A 1940 ta auri Desi Arnaz, mawaƙi ɗan asalin Kyuba. A 1948 ta samu wani shirin barkwanci a rediyon CBS, inda take fitowa a matsayin matar aure mai yawan jawo wa mijinta rigima, kuma a nan ne aka gane inda ƙarfinta yake.

Da CBS ta so mayar da shirin talabijin, sai Lucille ta kafe cewa mijinta na gaske ne zai fito a matsayin mijinta. Manyan tashar suka ƙi, wai 'yan kallo ba za su karɓi Ba'amurkiya da miji Bakyube mai gargadar Turanci ba. Ma'auratan ba su tsaya jayayya ba. A 1950 suka kafa kamfaninsu, Desilu, daga haɗin sunayensu, suka shirya wasan dandali suka zagaya da shi garuruwa, jama'a suka yi ta dariya, sai tashar ta sauko. Shirin I Love Lucy ya fara fita ranar 15 ga Oktoba, 1951. Shekarunta 40 a lokacin, da jaririya 'yar wata uku a hannu. Ki riƙe wannan lissafin, ke da kike 24 kina ganin kamar lokaci na ƙure miki.

Cinikin da ya canza komai

A wancan zamanin kusan duk shirye-shiryen talabijin kai-tsaye ake yin su daga Niyok. Garuruwa masu nisa sai dai a aika musu kwafi, wanda ake samu ta hanyar kafa kamara a gaban akwatin talabijin ana ɗaukar abin da ke fitowa. Hoton dishi-dishi yake, ba ya kallon daɗi. Lucille da mijinta a Kalifoniya suke, ba kuma su da niyyar tashi. Kamfanin sigari na Philip Morris da ya ɗauki nauyin shirin ya ce ba zai yarda mutanen gabashin ƙasar, inda mafi yawan masu sayen kayansa suke, su riƙa kallon hoto mara kyau ba. Sai Desilu ya kawo shawara: a ɗauki shirin a kan faifan fim na gaske, irin na silima, ta yadda kowa zai ga hoto tangaram. Matsalar ita ce tsada. Nan ma'auratan suka ce sun yarda a rage dala 1,000 daga albashinsu na kowane mako, da sharaɗin faifan da aka ɗauka ya zama mallakar kamfaninsu. CBS ta amince ba tare da wani dogon tunani ba, domin a lokacin ba wanda ya ɗauka shirin da aka riga aka nuna yana da sauran daraja.

Ki duba abin da suka yi da kyau. Ba ƙarin kuɗi suka nema ba, ragi suka karɓa. Sun sayar da kuɗin yau, sun sayi abin da zai ci gaba da kawo kuɗi, kuma sun yi cinikin ne tun kafin kashi na farko ya fita, lokacin da abin bai da farashi a idon kowa. Suka ɗauko Karl Freund, gwanin ɗaukar hoto da ya yi suna tun a Jamus, ya tsara hasken da zai ba kamara uku damar ɗauka a lokaci guda a gaban 'yan kallo na zahiri. Ba su ne suka fara haɗa kamara da yawa ba, amma su suka daidaita tsarin har ya zama abin da shirye-shiryen barkwanci na Amurka ke bi shekara da shekaru.

Amfanin faifan bai jima ba ya bayyana. Da ta samu juna biyu a zango na biyu, aka saka cikin a labarin, abin da ba a saba gani ba a talabijin ɗinsu a lokacin. Ranar 19 ga Janairu, 1953, kashin da ta haihu a shirin ya fita, ranar ce kuma ta haifi ɗanta a zahiri, mutum kusan miliyan 44 suka kalla, fiye da waɗanda suka kalli rantsar da shugaban ƙasa Eisenhower washegari. Da take hutun jego sai aka riƙa maimaita tsofaffin kashi, jama'a kuma suka zauna suka sake kallo. A nan kowa ya gane cewa shirin da aka adana kadara ne. Shirin ya yi zango shida, kashi 180, ya tsaya a 1957. CBS ta dawo ta sayi faifan nan da ta bari a banza a kan sama da dala miliyan 4, kuma a 1957 ɗin Desilu ya sayi filayen ɗaukar fim na RKO, wato gidan da Lucille ta taɓa zama 'yar albashi a cikinsa.

Adalci ya sa in ce a waɗannan shekarun Desi ne ke riƙe da harkar kasuwancin, ita tana kan wasa. Auren bai jure ba, suka rabu a 1960. A 1962 ta saye kason tsohon mijin nata, ta zama mace ta farko da ta shugabanci babban kamfanin shirya shirye-shiryen talabijin a Amurka, tana kuma ci gaba da fitowa a sabon shirinta kowane mako. A ƙarƙashinta kamfanin ya fitar da shirye-shiryen talabijin na Star Trek da Mission: Impossible a 1966, duk da tsadarsu ta sa wasu masu ba ta shawara ɗari-ɗari. A 1967 ta sayar da Desilu ga kamfanin Gulf+Western a kan dala miliyan 17, ta kafa wani ƙarami da sunanta, ta ci gaba da shirinta na mako-mako har 1974. Ta sake gwadawa a 1986, shirin bai karɓu ba, aka dakatar da shi bayan kashi takwas. Ta rasu ranar 26 ga Afrilu, 1989.

Akwai abin da masu ba da labarinta kan tsallake, ni kuma a matsayina ta mai shirya wasa shi ya fi burge ni. Ba ta cikin masu zuwa gaban kamara su ce Allah ya kawo abin faɗa. Marubuta gare ta tsayayyu, Jess Oppenheimer da Madelyn Pugh da Bob Carroll, kuma takan maimaita motsi ɗaya har sai ya zauna. Abin da ya sa faifan ya yi daraja ke nan. Mu nan yawancin barkwancinmu a lokeshan ake ƙirƙirarsa, a kan abin da ake yayi a makon, shi ya sa bayan wata shida ba mai komawa kansa. Mallakar shirin da ba za a sake kallo ba ba ta da wani amfani.

Neman ƙarin kuɗi

Kafin ki je wurin furodusanku, ga labarin wata. Suzanne Somers tauraruwa ce a wani shirin barkwanci na tashar ABC da ya fara a 1977. A 1980 ta nemi a ɗaga kuɗinta daga dala 30,000 zuwa 150,000 a kowane kashi, tare da kaso a ribar shirin. Aka ƙi, aka mayar da fitowarta ta kusan minti ɗaya a ƙarshen kashi, daga baya aka sallame ta aka kawo wata. Ban ce ba ta da gaskiya ba, jama'a don ita suke kallo. Amma ta nema ne bayan shirin ya kafu a hannun wasu, ba ta da komai a cikinsa sai fuskarta, mai shiri kuwa yana iya rubuta cewa wance ta yi tafiya.

Don haka ki nema, haƙƙinki ne, amma ki san lokaci da siga. Lokacin shi ne tsakanin zango da zango, kafin a rubuta na huɗu, ba ranar da aka kafa kamara ana jiran ki ba. Wadda ta tsayar da aiki a lokeshan ta ɓata da darakta da sauran 'yan wasa gaba ɗaya, labarin kuma zai riga ta isa Kano da Jos. Ki kuma shiga da sanin nauyin da ke kan furodusa. Shi ke biyan hayar kamara da fitilu, man janareta, abincin ma'aikata da kuɗin edita, kuma in kashi bai samu masu kallo ba shi ke kwana da asarar. Kuɗin da YouTube ke biya a kan mai kallo daga Najeriya bai kai na mai kallo daga Turai ko Amurka ba, saboda haka yawan masu kallo da kike gani a ƙasan bidiyo ba shi ne yawan kuɗin ba. Sau da yawa tallan da 'yan kasuwa ke sakawa a cikin shirin ya fi kawo abin kirki.

Abin da nakan ba 'yan wasana shawara su nema shi ne kaso maimakon tsabar kuɗi kawai. Ki ce kin yarda sallama ta tsaya yadda take, ko ta ƙaru kaɗan, amma a rubuta miki wani kaso na abin da kashin da kika fito ya kawo, da kaso mafi tsoka a duk tallan da kika kawo da kanki ko aka yi da fuskarki. Furodusan da aljihunsa ya yi ƙasa ya fi saurin yarda da wannan fiye da ƙarin kuɗin hannu. Sai dai kaso ba shi da ma'ana in ba za a nuna miki lissafi ba, don haka a rubuta cewa za ki riƙa ganin shafin kuɗin tashar duk wata ko duk ƙarshen zango.

Na nace a kan rubutu ne saboda abin da doka ta ce. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wanda ya ɗauki ɗawainiyar shirya fim shi ake ɗauka mai shi, sai fa in akwai yarjejeniyar da ta ce ba haka ba, kuma miƙa haƙƙin mallaka ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. Alkawarin "ai mu 'yan'uwa ne, in abu ya yi kyau kowa zai sha" na ji shi ba adadi, na kuma ga inda yake ƙarewa. A wani gidan talabijin da na yi wa aiki, kaset ɗin da muka ɗauki wasanni a kai aka riƙa gogewa ana ɗora wasu shirye-shiryen saboda ƙarancin kaset. Matan da suka sa gari dariya a wasannin nan, yau wasu ba su da ko hoton da za su nuna wa jikokinsu, balle kuɗi. Har yanzu abin na ci mini rai.

Buɗe tasha taki

Wannan ita ce hanyar da ta fi kusa da ta Lucille, kuma zamaninku ya fi nata sauƙi ta wannan fuskar, tunda ita sai da ta bi ta hannun tasha da mai ɗaukar nauyi. Misali na kusa shi ne Funke Akindele ta Legas. Ta fara suna a wani shirin talabijin na wayar da kan matasa tsakanin 1998 da 2002, da ya ƙare ta koma fina-finan Yarbanci. A 2008 ta fito a fim da halin Jenifa, a 2015 ta mayar da shi shirin barkwanci na talabijin a ƙarƙashin kamfaninta. Fim ɗinta da ya fita a Disambar 2023 shi ne na Najeriya na farko da ya haura naira biliyan 1 a gidajen silima. Ana kiranta Jenifa a titi kamar yadda ake kiranki da sunan shirinku a kasuwar Gombe. Bambancin shi ne sunan nata ne.

Amma kada ki raina aikin. YouTube ba ta fara raba kuɗin talla da tasha sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko makamancin haka ta gajerun bidiyo, kuma kai wa nan ba shi ne samun abin kashewa ba. Za ki buƙaci marubuci, mai kamara, edita, da juriyar fitar da kashi a kan lokaci ko kina da lafiya ko ba ki da ita. Shawarata kada ki bar shirin da kike ciki. Ki fara ƙaramin abu a gefe, gajerun wasanni a gida ɗaya da mutum biyu ko uku, da sabon hali da sabon suna da ke kika ƙirƙira. Ki sanar da furodusanku da bakinki kafin ya gani a waya. Tashar kuma a buɗe ta da imel ɗinki da lambar wayarki, kuɗin ya riƙa shiga asusun bankinki ko na kamfanin da kika yi wa rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Na ga ƙungiyar wasa ta watse a kan lambar sirrin tasha, saboda yaron da aka ce ya buɗe musu da wayarsa ya wayi gari ya ce tasa ce, kuma a takarda tasa ce ɗin.

Atamfa da turare

Ba na raina wannan ko kaɗan, ita Suzanne Somers ɗin ma da kasuwanci ta farfaɗo, ta yi arziki da tallan wani ƙarfen motsa jiki da littattafai da kayan gyaran jiki fiye da abin da wasa ya ba ta. Sai dai suna yana kawo mai saye na farko ne kawai. In atamfar ta zuba ko turaren bai kama ɗaki ba, ba zai dawo ba, kuma zai faɗa wa duniya da sunanki. Kasuwanci sana'a ce mai zaman kanta, da sari da lissafi da bashi, mata da yawa a babbar kasuwar Gombe da Wunti ta nan Bauchi sun fi kowace jaruma iya ta. In za ki shiga, ki zauna da ɗaya daga cikinsu ki koya, ki raba kuɗin shago da na aljihunki tun ranar farko.

Abu biyu zan ja miki kunne a kai. Kada ki rubuta sunan da kike amsawa a shirin a allon shago ko a kwalbar turare sai kin daidaita da mai shirin a rubuce, don mai yiwuwa shi ko marubucinsa ke da iko da sunan. Rajistar CAC ta sunan kasuwanci ce, kare tambari kuwa wani ofishi ne daban a ma'aikatar kasuwanci ta tarayya. Sannan ki nisanci tallan maganin da ba shi da lambar NAFDAC, da man bilicin, da haɗe-haɗen da ake cewa suna warkar da komai. Nan ne kuɗin talla ya fi saurin zuwa, nan ne kuma mutunci ya fi saurin zubewa. Somers kanta ta sha suka mai zafi daga likitoci a kan shawarwarin lafiya da ta riƙa bayarwa.

Inda misalin ya tsaya

Ba zan ce miki abin da ya faru a Amurka ta 1951 zai maimaitu a Gombe ba. Lucille ta samu kasuwa mai tashoshi kaɗan da kamfanoni masu zuba kuɗin talla, da kotunan da ke tilasta bin yarjejeniya, da abokin aiki a cikin gidanta. Ke kina cikin kasuwar da kowa ke da tasha a aljihunsa, ana kuma kwafe aikin mutum a watsa a TikTok kafin gari ya waye. Akwai kuma maganar aure, wadda ba a Amurka take da irin nauyin da take da shi a nan ba. Mun saba ganin 'yar wasa ta yi aure ta bar fitowa, kuma wannan shawara ce tsakaninki da iyayenki da wanda za ki aura, ba tawa ba. Abin da zan iya cewa shi ne, wadda ke da sallama kawai, ranar da ta daina fitowa ranar kuɗinta ke yankewa. Wadda ke da kaso a rubuce, ko tasha, ko ta iya rubutu da shiryawa, tana iya ci gaba daga ɗakinta. Saboda haka ko don wannan, ki riƙa zama kusa da edita da marubuci a duk lokacin da ba a ɗaukar ki, ki ga yadda ake tsara kashi da yadda ake kasafta kuɗinsa.

Ni mai shirya wasa ce, ba lauya ba, don haka takardar da za ki sa wa hannu ki kai wa lauya ya duba, kuɗin dubawar bai kai asarar zango guda ba. Ki tabbata ta faɗi kashi nawa za ki yi da nawa za a biya ki da ranar biya, kasonki da yadda za ki ga lissafinsa, abin da zai faru in an sayar da shirin ga tashar talabijin, wanda ke da iko da sunan halin da kike fitowa, da kuma cewa kina da damar yin naki aikin a gefe. Ranar da za ki zauna da furodusan, ki tafi da wani babba daga gidanku ya zama shaida, kowa ya riƙe kwafinsa.